Sodar da Ayuba Bai Sata Ba

Akwai wata magana da ake yi a gidan nan wadda nake so ta riga ni mutuwa. Idan abu ya ɓata, ko cokali ne ko cajar waya, sai in ji ɗayanku ya ce, "Ko Ayuba ne ya zo?" a kwashe da dariya. Har jikokina sun ɗauka, alhali ba su taɓa ganin mutumin ba, wasunsu ma sun zaci sunan aljani ne. Ni na shigo da wannan maganar gidan nan, kuma shekara goma sha uku ina jin ta ban taɓa tsawatar wa kowa ba. Saboda haka wannan babin na Ayuba ne. Karatuna bai wuce firamare da ɗan ajin yamma ba, amma a cikinsa dole in rubuta muku wani lissafi na kimiyya, domin da shi aka nuna mini gaskiya, ni kuma na kife shi a tsakar gida.

Manyanku sun san shagona na Gyadi-Gyadi, inda nake sayar da kayan haɗa sabulu: soda, kala, turare da sauransu. Masu sayena mata ne masu yin sabulu a gida da kuma masu wanki da guga. Sitona kuwa yana Tarauni, wani ɗaki ne mai rufin kwano a bayan wani gida, wanda in ka shiga da rana sai ka ji kamar an rufe ka a tanda. Ayuba ne ke riƙe da makullin wannan sito. Mutumin Filato ne, ya zo Kano tun yana saurayi ya yi aiki a wata masaƙa, da aka rufe ta ya dawo wurina. Shekara goma sha biyu muna tare. Ranar Juma'a shi ke tsare shago, ranar Lahadi ni nake tsarewa. Makullin a wuyansa yake, ɗaure da igiyar takalmi. Yana da wani dutse da ya ajiye a ƙarƙashin kanta mai nauyin kilo ɗaya cif, kullum da safe sai ya ɗora shi a sikeli ya ga allura ta tsaya daidai kafin ya auna wa kowa komai. Na sha yi masa tsiya a kan dutsen nan, ina cewa ya fi kula da shi a kan matarsa. Shi ne kuma ya riƙa kai yayarku Rukayya makaranta a kekensa tun tana 'yar aji ɗaya, har ta taso tana kiransa Baba Ayuba.

A ƙarshen damina ta waccan shekarar na samu sodar wanki duro shida a wata masana'anta da ke tattara kayanta. Ba irin ta gari da muka saba ba ce, wannan ƙwaya-ƙwaya take, garau kamar ƙanƙara, kana iya hango yatsanka ta cikinta. Kowane duro da murfinsa da zoben ƙarfe. A lokacin famfon unguwarmu ya ɗauke, mahaifiyarku Hajiya Binta kullum tana mitar ba ta da wurin tara ruwa. Da na kalli duron nan shuɗaye masu kauri sai zuciyata ta ce ga maganin mita. Na sa aka samo tsofaffin buhunan shinkafa, na ce wa Ayuba a juye sodar a ciki. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Alhaji, a masaƙarmu ba a barin irin wannan a buɗe."

"Me zai same ta? Ɓera ne zai ci?"

"Ban san dalili ba, gaskiya. Haka dai na ga ana yi."

"To abin da ba ka san dalilinsa ba kada ka koya mini. Juye."

Ya juye. Buhu goma sha biyu muka samu, kowanne kilo hamsin. A gabana aka auna, da hannuna na rubuta hamsin a jikin kowanne, na ɗinke, aka jera a sito. Aka wanke duro aka kawo gida, mahaifiyarku ta yi ta sa mini albarka. Da yake akwai tsohuwar soda a shago, ba mu taɓa sabuwar ba har rani ya wuce aka shiga zafin bazara.

Wata Juma'a da la'asar wani mai wanki daga Unguwar Gano ya zo yana son buhu guda. Ayuba ya ɗauko uku daga sito don a ajiye biyu a shago. Muka ɗora na farko a sikeli, allura ta tsaya a arba'in da ɗaya. Na ce sikeli ne, Ayuba ya ɗauko dutsensa ya gwada, sikeli lafiyarsa lau. Na biyu arba'in da uku. Na uku talatin da tara. Na yanke ɗinkin da wuƙa na leƙa, sai na ga babu ƙanƙarar nan a sama, wani farin gari ne kamar garin rogo, sai da na zura hannu can ciki na taɓo ƙwayoyin. Nan take kaina ya haɗa labari: an ɗibi soda, an cike gurbin da alli don kada a gane. Makulli kuma ɗaya ne. A ƙofar shagona akwai benci biyu inda majalisarmu ke zama bayan sallah, ranar kuwa ta cika. Daga baya na zauna na ƙirga waɗanda ke wurin, mutum goma sha ɗaya ne. Da na ja Ayuba cikin shago na tambaye shi a hankali, da ban rubuta wannan babin ba. Amma sai na jawo buhun har bakin titi.

"Jama'a ku zo ku ga amanar shekara goma sha biyu!"

"Alhaji, ka yi a hankali," in ji Ayuba. "Ɗinkin nan naka ne, duba zaren."

"Wanda ya iya sata ai ya iya ɗinki. Alli nawa ka zuba?"

"Ban zuba komai ba. Ban ɗebi komai ba."

"To ina kilo goma sha ɗaya? Fiffike suka yi suka tashi?"

Aka yi dariya. Wani daga benci ya ce lallai sodar Alhaji Sabo ta iya tashi sama. Ayuba ya juya wajen benci. Ya kalli mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya sha ɗebo wa ruwan alwala, sannan ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye makullin a farantin sikeli. Ya ɗauki dutsensa ya sa a kwandon keke ya tafi.

Washegari Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida, sai ga Rukayya da faranti da takarda. Tana aji biyar na sakandare a lokacin, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa ta ce tana da magana. A farantin ta tara wake, masara, gyaɗa ɗaya da dabino biyu. Ta ce malamarsu ta taɓa ajiye irin wannan sodar a bakin taga, cikin mako guda ta zama gari a gaban idonsu. Ta ce kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira zarra, kuma idan abu ya sauya kama, ƙwayoyin nan ba sa ɓata, ba sa ƙaruwa, wuri kawai suke sauyawa. Ta ja layi da gawayi a tsakiyar farantin.

"Baba, nan hagu sodar da ka saya ce, mai ƙanƙara. Dabino biyu sodiyam ne. Gyaɗa ɗaya kabon. Masara goma sha uku oksijin. Wake ashirin haidirojin. Ka ƙirga da kanka."

Na ƙirga, don ina son in kama ta da kuskure. Daidai suke.

"Nan dama kuma garin da ka gani ne." Ta tura dabino biyun suka tsallake layi, ta tura gyaɗar, ta tura masara huɗu da wake biyu. "Garin ya cika, ba ya buƙatar ƙari. Me ya rage a hagu?"

"Masara tara. Wake goma sha takwas."

"To kowace masara ɗaya da wake biyu, ruwa ke nan." Ta shiga haɗa su uku-uku tana jerawa a gefen faranti, har tari tara, babu ko ƙwaya ɗaya da ta yi saura. "Ruwa tara, Baba. A cikin ƙanƙarar suke ɗaure. Da aka fitar da ita daga duro, zafi da busasshiyar iska suka kwance su, suka bi ta ramukan buhu. Su ne kilo goma sha ɗayan."

Sannan ta nuna mini takardar. Ga abin da ke ciki, na kwafe shi harafi da harafi domin takardar tana gabana yanzu:

Na₂CO₃·10H₂O → Na₂CO₃·H₂O + 9H₂O

Ta ɗora yatsa a kan taran nan ta ce sai an sa shi sannan ɓangarorin biyu ke daidaita, abin da ya shiga ta hagu dole ya fito ta dama. Ta ce in ban yarda ba a auna kilo ɗaya a shanya a faranti, a sake aunawa bayan kwana goma. 'Ya'yana, na fahimci maganarta. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana auna kaya ba zai kasa gane wake da masara ba. Tun tana jera tari na biyar na tuna wanda ya ce a juye, na tuna wanda ya ce kada a juye. Daga inda nake zaune ina hango duron nan shida a jere a bakin kicin, cike da ruwa. Amma kuma sai na hango bencin majalisa, na ji dariyar jiya, na ga kaina tsaye a gabansu ina cewa 'yar shekara goma sha shida ta gyara mini hankali da dabino.

"Abin da ake koya muku ke nan? Ki ƙaryata ubanki da wake?"

"Baba, ba ƙaryata ka na yi ba. Baba Ayuba..."

"Uban wa? Ubanki ɗaya ne a gidan nan."

Na sa ƙafa na kife farantin. Kaji suka rugo suka hau tsattsagar masarar. Rukayya ta tsaya tana kallonsu, sannan ta shige ɗaki. Mahaifiyarku ta fito daga kicin ta ɗauki takardar ta ninke ta soke a ɗankwalinta, ranar kuwa tuwona a gefen tabarma aka ajiye shi, ba a gabana ba.

Na sayi sabon kwaɗo na sa a sito, makulli a aljihuna. Na auna sauran buhu tara na rubuta sabon nauyinsu. Kuma a ɓoye, ba da sanin kowa ba, na auna kilo ɗaya na ƙwayoyin na baza a faranti a lungun sito. Bayan kwana goma na koma. Ƙanƙara ta zama farin gari fat, da na ɗora a sikeli ko rabin kilo bai cika ba. Buhunan ma kowanne ya ƙara raguwa, ga makulli bai bar jikina ba ko sau ɗaya. A satin kuma wata mai sabulu, Maman Zainab, ta zo tana nuna mini tafin hannunta da ya saɓule.

"Alhaji, wace irin soda ce wannan? Gwangwanin da na saba zubawa na zuba, ta kusa cinye mini hannu. Rabi ma ya isa."

Alli ba ya cin hannu. Ruwa ne ya fita, ƙarfin sodar yana nan inda yake. Ba a sace mini ko tsinke ba. Ranar na rufe shago da wuri na nufi gidan Ayuba. Na je har kwanar layinsu, na hango kekensa a jingine a ƙofa, matarsa Maman Ladi tana shanya. Na tsaya kamar mai gyaran takalmi, sannan na juya. Daga can kasuwa na wuce na sayo manyan ledoji, na juye sodar a ciki na ɗaure bakin tam, na mayar cikin buhu. Daga ranar nauyi bai sake raguwa ba. Kuma da wani a majalisa ya tambaye ni labarin sito, da bakin nan nawa na ce, "Ai tun da ya tafi kaya suka daina ragewa." Kifar da faranti zafin rai ne, ina iya cewa shaiɗan. Wannan kuwa da idona biyu na faɗe ta, bayan na auna na gani.

Abin da ya biyo baya a hankali na riƙa jin sa. Kowane mutum a bencin nan yana da gida, kowane gida yana da maƙwabta. Ayuba ya nemi aikin sito a wurare uku, duk inda ya je labari ya riga shi. A cocinsu shi ke riƙe da makullin ɗakin kaya, sai aka ce ya huta, aka ba wani. Daga ƙarshe gadi ya samu. Ni kuwa a gida abin da na rasa ba a ganin sa da ido. Rukayya ba ta taɓa fasa gaishe ni ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma daga ranar ba ta sake kawo mini takardar sakamakonta ba, ba ta sake cewa "Baba, ka san me aka koya mana yau?" ba. Ta gama, ta yi jami'a, ta zama malamar wannan darasin da na kife, ta yi aure. Duk a bakin mahaifiyarku nake jin labarinta, alhali muna gari ɗaya.

Bara da ƙaramar sallah kuna nan kusan dukanku. Aka nemi murfin kula aka rasa, sai 'yar Rukayya, Amira, mai shekara shida, ta ce, "Ko Ayuba ne ya zo?" Kuka yi dariya. Uwarta ta ajiye cokalin hannunta ta juyo ta kalle ni. Da kowa ya watse sai ta zo ta same ni.

"Baba, 'yata ce fa. A gidanka ta koya."

"Kin san inda yake?"

"Duk Kirsimeti ina zuwa. Umma ce ke ba ni saƙo in kai."

Shekara goma sha uku 'yata tana zuwa da saƙon matata inda na kasa zuwa. Bayan kwana biyu Rukayya ta ɗauke ni a motarta zuwa Darmanawa. Muka same shi a ɗakin gadin wani gida, ya yi furfura, ido ɗaya ya yi yana. Dutsen nan na gani an tokare ƙofa da shi. Ya gane muryata tun daga sallama.

"Alhaji Sabo. Ka tsufa."

"Kai ma ba ka ragu ba."

Ya ba ni kujerarsa ya zauna a kan bulo. Na gaya masa komai: farantin, kilo ɗayan da na shanya, ledojin, da maganar da na faɗa a majalisa. Na ce ya yafe mini.

"Alhaji, ni ai na san ban ɗauka ba. Ba ni ne mai buƙatar wannan labarin ba. Yafiya kuwa na yi ta tuntuni, don in iya yin addu'a. Maman Ladi ce ta so ta ji wannan da kunnenta, ita kuma shekararta huɗu a ƙasa." Ya ɗago. "Ranar nan mutum nawa ne a benci?"

"Goma sha ɗaya."

"Yau mu nawa ne?"

"Uku."

Ya juya wajen Rukayya. "Malama, ke ce mai lissafi. Ya daidaita?"

Rukayya ta sunkuyar da kai, ta girgiza shi.

Juma'ar da ta biyo na je majalisa na nemi mutanen nan. Biyar sun rasu. Biyu sun bar gari. Huɗu na samu, na tsaya a daidai inda na tsaya a wancan karon na faɗi abin da na yi. Ɗaya ya ce wane Ayuba. Ɗaya ya ce ai abu ya wuce, in bar tone-tone. Cikin sauran biyun, ɗaya shi ne wanda ya ce soda ta iya tashi sama, na gaya masa ashe gaskiya ya faɗa, bai yi dariya ba. Na je cocin ma ranar Lahadi bayan an tashi, na tsaya a bakin ƙofa na gaya wa dattawan da na samu. Sun saurare ni da mutunci, amma yawancinsu sababbi ne. Waɗanda suka mutu da labarin ba ni da hanyar kai musu gyara, haka waɗanda suka ji daga bakinsu.

Abin da ya rage a hannuna ku ne. Ku tara yaranku ku karanta musu wannan babin da ƙarfi, har lissafin, ko da ba su gane ba. Rukayya ta duba shi ta ce na ƙirga daidai. In suka tambaya waye Ayuba, ku ce mutum ne, yana da rai, yana Darmanawa, ya riƙe makullin kakansu shekara goma sha biyu bai ɗauki ko ƙwaya ɗaya ba. In suka ce to waye ya yi laifin, ku fita da su tsakar gida. Duro biyu daga cikin shidan suna nan a bakin kicin, da ruwansu kuka yi wanka kuka girma. Ku nuna musu, ku ce kakansu ne ya ce a juye.